Maɗaukin Sauti na Jitar Lantarki: A Bar na Asali ko a Sauya?

A cikin watan Yuni na shekarar 2019 kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar da wata baƙar jitar lantarki ƙirar Fender Stratocaster a kan dala 3,975,000. Jitar ta David Gilmour ce, makaɗin ƙungiyar Pink Floyd ta Ingila. Abin mamaki ga masu tara tsofaffin kayan kiɗa shi ne, kaɗan ne daga cikin sassanta suke yadda suka fito daga masana'anta. An sauya mata wuya ba sau ɗaya ba, an fafe jikinta an sake cikewa, an kuma sauya ƙananan na'urorin da ke ɗaukar sautinta. Amma da jitar wani makaɗi ce wanda duniya ba ta san shi ba, da kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye ya karya mata daraja a kasuwa. A nan ne gardamar ta samo tushe, gardamar da makaɗa da masu gyara suka daɗe suna yi: a bar wa jita maɗaukin sautin da ta zo da shi, ko a cire a sa wani? Ba a iya raba wannan gardama sai an san abin da ke cikin na'urar, kuma abin da ke cikinta darasi ne da kowane ɗalibin kimiyya na sakandare ya riga ya gamu da shi.

Maganaɗisu da waya

Jitar lantarki mai jikin katako tsantsa ba ta da ƙoƙo irin na garaya ko molo wanda zai ƙara wa tsirkiya amo. In an kaɗa ta ba a jona ta da amfilifaya ba, da ƙyar wanda ke ɗaki na gaba zai ji. Abin da ke ba ta murya shi ne wata 'yar na'ura da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi, wadda a wannan maƙala za a riƙa kira maɗaukin sauti. Ko da yake sunan bai cika daidai ba, domin ba sauti take ji ba, motsin ƙarfe take ji.

A shekarar 1831 Michael Faraday ya gano cewa in ƙarfin maganaɗisun da ke ratsa naɗaɗɗiyar waya ya sauya, lantarki kan taso a cikin wayar. Da wannan ka'ida janareta ke aiki, da ita kuma ɗan injin fitilar keke mai gogar taya ke ba da haske. Maɗaukin sauti maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe sau dubbai, watau koyil. Tsirkiyar ƙarfe da ke bisansa kan zama maganaɗisu ita ma saboda kusanci. In ta kaɗa, sai ta riƙa jan filin maganaɗisun tana saki, lantarki kuma ya riƙa kai da komo cikin koyil daidai da yawan kaɗawarta. Tsirkiya ta biyar, in ba a danne ta ba, tana kaɗawa sau 110 a sakan ɗaya, saboda haka lantarkin da ke fita shi ma yana juyawa sau 110. Ƙarfinsa kaɗan ne, yawanci bai kai bolt ɗaya ba. Amfilifaya ke kumbura shi kafin ya isa lasifika.

Daga nan ɗalibi zai gane dalilin da ya sa irin wannan na'ura ba za ta yi wa goge ko kukuma amfani ba. Izgar doki ba ta jin maganaɗisu, haka ma zaren nailan. Amma wayar birkin keke, wadda Mdou Moctar, makaɗin nan na Abzinawan Nijar, ya ɗaura wa jitar da ya fara ƙerawa da hannunsa yana yaro, ƙarfe ce, kuma maganaɗisu zai ji ta.

George Beauchamp ne ya fara sa wannan dabara a jitar da ta shiga kasuwa sosai. Ya ƙera samfurinta a 1931 a Kalifoniya ta Amurka, kamfanin da daga baya ya ɗauki sunan Rickenbacker ya fara sayar da ita a 1932. Saboda siffarta aka yi mata laƙabi da kaskon suya. Kamfanin Gibson ya biyo da ES-150 a 1936, Leo Fender kuma ya fito da jitar da ta zama Telecaster a 1950, sannan Stratocaster a 1954.

Wayar da aka saba naɗawa kaurinta kusan milimita 0.063 ne, watau kamar gashin kan mutum. Maɗaukin Stratocaster na ɗauke da naɗi wajen 8,000. In aka auna turjiyarsa da mita, akan sami kimanin om 6,000. Irin wannan waya tana da turjiyar om 5.4 a kowace mita, saboda haka ɗalibin da ya raba 6,000 da 5.4 zai ga cewa akwai waya fiye da kilomita ɗaya a cikin abin da bai fi yatsa tsawo ba.

Ƙugi da maganinsa

Koyil bai san bambanci tsakanin filin maganaɗisun tsirkiya da na wayoyin wutar gida ba. Duk wanda ya ratsa shi zai ɗauka. Don haka maɗauki mai koyil ɗaya yakan fitar da wani ƙugi mara daɗi, wanda yake daidai da juyawar wutar gari: sau 60 a sakan a Amurka, sau 50 a Nijeriya da Nijar da Turai. Kusa da taransifoma ko janareta ko tsohuwar doguwar fitila mai sitata, abin yakan ƙaru.

Seth Lover, injiniya a Gibson, ya nemi takardar mallakar wata dabara a 1955, aka ba shi a 1959. Ya jera koyil biyu gefe da gefe, ya jona su ta yadda lantarkin ɗaya ke saɓa wa na ɗayan, sannan ya sa fuskar arewa ta maganaɗisu ƙarƙashin ɗaya, ta kudu ƙarƙashin ɗayan. Ƙugin da ke zuwa daga nesa yana shiga koyil biyun iri ɗaya, amma da yake jonin a saɓe yake, sai ɗaya ya kashe ɗaya. Motsin tsirkiya kuwa an juya shi sau biyu, sau ɗaya ta joni sau ɗaya ta maganaɗisu, don haka sai ya haɗu ya ƙara ƙarfi. Ana kiran wannan na'ura hambaka, ma'ana mai kore ƙugi. Ray Butts ya yi wa kamfanin Gretsch makamanciyarta a daidai wannan lokaci. Gibson ta fara sa tata a jitar Les Paul a 1957, da 'yar takarda manne a ƙasanta mai nuna cewa an nemi takardar mallaka. Daga haruffan farko na wannan rubutu aka sami sunan PAF, wanda har yau masu tara kayan kiɗa ke rububinsa.

Sai dai dabarar ta zo da nata sauyi. Muryar hambaka ta fi kauri da duhu, ta mai koyil ɗaya ta fi kaifi da washewa. Dalilin wannan bambanci shi ne zuciyar maganar gaba ɗaya.

Inda murya ke fitowa

Kowane koyil yana da wani taurin kai: ba ya son lantarkin da ke bi ta cikinsa ya riƙa sauyawa da sauri. Masana na kiran wannan hali indoktans, suna auna shi da henri. Ita kuma doguwar wayar da ke haɗa jita da amfilifaya tana iya riƙe ɗan caji tsakanin cibiyarta da rigarta, abin da ake kira kafasitans, ana auna shi da farad. In waɗannan biyu suka haɗu, sai su zama kamar lilo. Lilo yana da saurin da ya fi so. Wanda ya tura shi daidai da wannan sauri zai ga ya yi nisa da ƙaramin ƙarfi. Haka koyil da waya suke da wani matakin kaɗawa da suka fi ɗagawa, abin da ya haura shi kuma su danne shi.

Lissafin ba shi da wuya. A ninka indoktans da kafasitans, a fitar da tushen murabba'in abin da aka samu, a ninka da 6.28, sannan a raba ɗaya da sakamakon. A ɗauki misalin maɗauki mai koyil ɗaya mai henri 2.5, da waya mai tsawon mita 5. Waya irin ta kasuwa tana riƙe kimanin fikofarad 100 a kowace mita, shi ma koyil yana da nasa wajen 100, jimla 600. Amsar za ta fito kusan kaɗawa 4,100 a sakan. In aka sa hambaka mai henri 4.5 a wannan waya, ƙololuwar za ta sauko zuwa wajen 3,000. Kunnen ɗan'adam ya fi kaifi a wannan yanki, kamar yadda Harvey Fletcher da Wilden Munson suka nuna a 1933, shi ya sa ɗan motsi a nan ke sauya muryar jita a kunnen mai saurare.

To, a sake lissafin da maɗaukin farko, amma a tsawaita wayar zuwa mita 10. Jimlar kafasitans ta zama 1,100, ƙololuwa kuma ta sauko zuwa wajen 3,000. Ke nan, ta fuskar inda ƙololuwar take, ƙarin waya mai mita biyar ya yi abin da sauya maɗauki mai tsada ya yi. Ba a ce muryoyin biyu sun zama ɗaya ba, domin hambaka yana sauraron tsirkiya a wuri biyu kuma ya fi ƙarfin fitarwa. Amma wannan ya isa ya sa mai shirin kashe kuɗi ya dakata.

Haka nan maɓallin ƙara murya da ke jikin jita yana da hannu. Fender ta saba sa mai turjiyar om 250,000, Gibson kuma ta fi sa mai 500,000 tare da hambaka. Ƙaramar turjiya takan danne ƙololuwar, babba ta bar ta da tsini. Wurin zaman maɗauki ma yana da tasiri wanda babu irin naɗin da zai goge shi. Kusa da jaki, watau makarin da tsirkiyoyi ke hawa a gindin jita, tsirkiya ba ta yin faɗi wajen kaɗawa, don haka sirarun muryoyi ke rinjaye. Kusa da wuya kuma murya mai kauri ce ke rinjaye.

Mene ne "na asali"?

Masu cewa a bar na asali sukan yi magana kamar akwai murya ɗaya da ake kira ta PAF. Aune-aunen da aka yi wa waɗanda suka saura sun nuna ba haka ba ne. Turjiyarsu takan kama daga wajen om 7,000 zuwa 9,000, domin ba a tsayar da injinan naɗi a adadi ɗaya ba, kuma koyil biyun da ke cikin guda ɗaya ba lalle su yi daidai ba. Maganaɗisun ma ba iri ɗaya ba ne. Gaurayen ƙarfe ne mai suna alniko, wanda ya ƙunshi baƙin ƙarfe da alminiyam da nikel da kobal, kuma yana da aji-aji masu bambancin ƙarfi. Masana'antar ta yi amfani da fiye da ɗaya. A Fender kuwa, a shekarun farko mata ma'aikata ne ke jagorantar waya da yatsu yayin da inji ke juyawa, kowace da irin jan hannunta. Ɗaya daga cikinsu, Abigail Ybarra, ta shiga kamfanin a 1956, ba ta yi ritaya ba sai 2013, lokacin da makaɗa ke neman naɗinta da sunanta. Bayan da kamfanin CBS ya sayi Fender a 1965, masu sha'awar tsofaffin jitoci suka ja layi, suka fifita duk abin da aka ƙera kafin wannan shekara.

Har kuskure ma yana iya zama daraja. Jitar Les Paul ta 1959 wadda Peter Green ya kaɗa a ƙungiyar Fleetwood Mac tana da maɗaukin wuya wanda maganaɗisunsa yake a juye. In an kunna maɗaukan biyu tare, sai kaurin muryar ya kashe juna, a bar wata siririyar murya mai fita kamar ta hanci. Duk mai gyaran da ya ga haka zai so ya daidaita ta. Amma jitar ta wuce hannun Gary Moore, daga baya ta isa ga Kirk Hammett na Metallica a 2014, kuma wannan karkacewa ita ce abin da aka fi saninta da shi.

Akwai kuma zancen cewa tsufa yana gyara murya saboda maganaɗisu na yin laushi. Gaskiyar ita ce alniko yana riƙe ƙarfinsa shekaru masu yawa in ba a buga shi ba ko an kusantar da shi ga wanda ya fi shi ƙarfi, kuma wanda ya yi rauni ana iya sake cika shi cikin 'yan sakanni. Abin da tsufa ya fi yi wa maɗauki ɓarna ce. Gumi da danshi kan shiga, maganaɗisu ya yi tsatsa, kuma a irin na Fender, inda wayar ke naɗe a jikin sandunan maganaɗisun kai tsaye, tsatsar na iya cinye fentin da ke rufe wayar har koyil ya mutu.

Masu sauyawa

Kasuwar maɗaukan canji ta kafu ne a shekarun 1970, lokacin da makaɗa suka so lantarki mai ƙarfi da zai cika amfilifaya har muryarta ta dusashe da gangan. Larry DiMarzio ya fito da Super Distortion a 1972, mai naɗi da yawa da maganaɗisun yumɓu, wanda kuma ke shiga gurbin na Gibson ba tare da an taɓa katako ba. Seymour Duncan ya kafa kamfaninsa a 1976. EMG ta kawo masu ɗan amfilifaya a ciki, masu cin batir mai bolt 9, waɗanda tsawon waya ba ya sauya musu murya.

Wasu daga cikin muryoyin da aka fi yabawa daga irin wannan kasada suka fito. Eddie Van Halen ya ciro hambaka daga wata jitar Gibson, ya tsoma shi cikin narkakken kakin kyandir, ya dasa shi a jiki mai siffar Stratocaster. Kakin yana da dalili: in wayoyin koyil suna da sako-sako, ƙarar lasifika kan girgiza su, sai na'urar ta fara ihu, kaki kan cike giɓin ya riƙe su. Brian May na ƙungiyar Queen, wanda ya ƙera jitarsa tare da mahaifinsa a farkon shekarun 1960, shi ya naɗa maɗaukanta na farko da hannunsa, amma da ba su gamsar da shi ba ya cire su ya sa na kamfanin Burns. Ba a taɓa jin wanda ya ce ya ɓata jitar ba.

Sai dai tarihin wannan zamani yana da ɓangaren da ake cizon yatsa a kai. A lokacin, tsohuwar jita kayan hannu ce kawai, ba kayan tarihi ba. An fafe jikin Stratocaster masu yawa don a sami gurbin hambaka, an jefar da PAF a akwatin tarkace. Les Paul Standard da aka ƙera tsakanin 1958 da 1960 ba su kai dubu biyu ba, kuma a yau mai saye kan duba har liƙin dalmar da ke kan wayoyi don ya tabbatar ba a taɓa kwance shi ba. Sukuru ana kwancewa a mayar, amma katakon da aka fafe ya tafi ke nan.

Yadda kunne ke yaudara

Wanda ya sauya maɗauki kusan kullum yakan ce murya ta gyaru, kuma shaidarsa tana da rauni ta hanyoyi da dama. Sabon maɗauki yakan fi ƙarfin fitarwa, kunne kuwa yana ɗaukar abin da ya ɗan fi ƙara a matsayin wanda ya fi daɗi. Yawanci a lokacin aikin akan cire tsofaffin tsirkiyoyi a sa sababbi, su kuma sababbi su kaɗai sun isa su washe murya. Tsakanin ji na farko da na biyu awoyi sun wuce, alhali kunne ba ya riƙe ainihin launin sauti na tsawon lokaci. Ga kuma kuɗin da aka kashe, wanda ke sa zuciya ta so jin bambanci. Gwajin da ya dace shi ne a naɗi muryar kafin aiki da bayansa, da tsirkiyoyi iri ɗaya da waya ɗaya, a daidaita ƙarar, sannan wani ya kunna su ba tare da mai saurare ya san wanne ne wanne ba. Malamin kimiyya zai iya amfani da wannan ya koya wa aji abin da ake nufi da riƙe sauran dalilai a sauya ɗaya tak.

Kafin a kai ga cirewa, akwai gyaran da ba ya cin ko kwabo. Sukuru biyu ne ke ɗaga maɗauki ko sauke shi. Da yake ƙarfin maganaɗisu yana raguwa da sauri in an yi nisa, juyi ɗaya ko biyu kan sauya ƙara da kaifi. In ya matso da yawa, musamman a Stratocaster, maganaɗisun kan ja tsirkiyoyi masu kauri har su riƙa fitar da murya mai rawa kamar ba a saita su ba, kuma makaɗa da dama sun zargi na'urar da laifin da tsayinta ne ya jawo.

In an yi wannan duka bai biya ba, hukunci ya danganta ga irin jitar. Wadda aka ƙera dubbai a masana'anta da araha, mai ihu in an ƙara murya, ko mai ƙugin da ke hana aiki a wurin da wayoyin wuta ba su da jonin ƙasa, babu hujjar a jure mata saboda sunan asali. Akwai ma hambaka da aka matse ya yi daidai da gurbin mai koyil ɗaya. Tsohuwa mai tarihi kuwa, wadda maɗaukinta ke aiki, cire shi hasara ce, domin muryar da ake nema ana iya kusantarta ta waya da maɓalli da amfilifaya. In koyil ɗinta ya mutu, ya fi kyau a sake naɗa shi a kan maganaɗisunsa da gangarsa na asali, da waya mai kaurin ta farko da adadin naɗi makamancin na da. Aikin dangin na masu naɗin koyil ɗin fanka ne, illa dai wayar ta fi siranta nesa ba kusa ba, kuma ɗan jan hannu kaɗan ke tsinka ta. Wanda kuma ya cire na asali mai lafiya, sai ya kwance liƙin dalmar maimakon ya datse wayoyin, ya rubuta gurbin da kowanne ya fito, ya ajiye su a busasshen wuri, nesa da bayan lasifika inda babban maganaɗisu yake.